Tambayar Furojek Ɗinka Tana Ƙofar Gidanku



Zan fara da abin kunyar da ya same ni, don na san ba ni kaɗai ba ne. A zangon da ya wuce, da aka ce kowa ya kawo take da babi na ɗaya, ban tsaya wahalar da kaina ba. Na je wani shagon buga takardu, aka buɗe mini kwamfuta, na zaɓi wani aiki da aka riga aka gama a kan magudanan ruwa na bakin titi. Aka goge sunan garin da aka yi shi, aka sa Talata Mafara, na biya, na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta shafi biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce Kaya. Ya ce, "To, a Kayar, yaushe ruwa ke sauka?" Na ce ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Sai ya juyo mini da takardar, ya ja layi da biro. An rubuta wai a Talata Mafara damina na sauka a watan Maris, ba ta ɗaukewa sai Nuwamba. Ƙasa kaɗan kuma ga bayanin yadda ganyen kwakwar manja ke toshe magudanai.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in je, kada in dawo sai ranar da na samo tambayar da ni kaina nake son in ji amsarta.

Na samo ta ne a bakin kawuna. Yana da gonar shinkafa a filayen Bakolori, can wajen ƙarshen wata ƙaramar kanal. Na je gaishe shi, muna zaune ya dube ni ya ce, "Ku da ka karatun injiniya, ku gaya muna, mi ka shanye ruwan ga kahin shi iso gonata? Na bisa sun sha sun ƙoshi, mu na ƙasa sai mu kwana muna jira." Ban iya ba shi amsa ba. Nan take kuma na gane cewa ga furojek ɗina.

Abin da nake son mu tattauna ke nan a wannan darasi. Ko adabi mutum ke sha'awa, ko lafiya, ko injiniyanci, ko ilimi, ko addini, bincike hanyarsa ɗaya ce: ƙaramar tambaya, hujjar da ka tattara da hannunka, da gaskiya wajen faɗin abin da ka gani. Kuma tsakanin Mafara da Bakura da Maradun akwai tambayoyin da za su ishe mu shekaru. Bari mu bi fannonin ɗaya bayan ɗaya.

Injiniyanci: ina ruwan Bakolori ke tafiya?

An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tsawon bangon ya kai kimanin kilomita 5.5, an kuma tsara tafkin ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. An shirya ba da ruwa ga kusan hekta 23,000, mafi yawansu ta hanyar injinan feshi, saura kuma ta kanal inda ruwa ke gangarowa da kansa. Injinan feshin nan su ne suka fara lalacewa, shi ya sa yau nauyin ya koma kan kanal da ƙananan injinan ban ruwa na manoma. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan wuraren noman rani, Bakolori na cikinsu.

Masu bincike daga nesa sun daɗe da zuwa nan. Wani Bature ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da dam ɗin, ya nuna yadda raguwar ambaliya ta sa manoman fadama suka rage shinkafa suka koma gero, kamun kifi ma ya ja baya. Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi rubutu kan rikicin manoma da hukuma game da gonaki da diyya, wanda ya kai ga harbe-harben watan Afrilu 1980. Ka ga, mutane sun tsallako teku sun yi nazarin abin da mu muke wucewa ta gefensa a kan babur.

Ɗalibin difloma ba zai iya nazarin dam gaba ɗaya ba. Amma zai iya auna kanal guda. Ga yadda ake yi ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Ka sami wurin da kanal ta miƙe sambal, ka auna mita 10, ka kafa alama farko da ƙarshe. Ka zuba wa robar ruwa ruwa zuwa rabi, ka rufe, ka sake ta a tsakiyar kanal, ka duba da agogon waya daƙiƙa nawa za ta yi. A misali, in ta yi daƙiƙa 20, gudun ruwan saman ya zama mita 0.5 a daƙiƙa. Amma ruwan sama ya fi na ƙasa gudu, saboda na ƙasa yana gugar daɓe da bango, don haka sai a ninka da 0.8, a sami mita 0.4. Sannan ka auna faɗi da zurfi. In faɗin mita 1 ne, zurfin rabin mita, fuskar ruwan ta zama murabba'in mita 0.5. In bakin kanal ya fi gindinta faɗi, sai ka haɗa faɗin sama da na ƙasa ka raba biyu. Ninka 0.5 da 0.4, ka sami kubik mita 0.2, wato lita 200 a kowace daƙiƙa.

Kada ka yarda da awo ɗaya. Yi sau uku, ka ɗauki matsakaici. Sannan ka gangara ƙarshen kanal ka maimaita. In a can lita 120 ka samu, to lita 80 sun tsaya a hanya. Aikinka shi ne ka taka da ƙafa daga sama har ƙasa, ka rubuta nawa ne suka shiga gonaki ta ƙofofin da aka tanada, nawa suka bi tsaga, ina laka ta cike, ina ciyawa ta tare, ina wani ya huda ya sa tiyo. Wannan kaɗai babi na huɗu ne cikakke, kuma babu wanda zai kama ka da ganyen kwakwa.

Lafiya: darasin gubar dalma

A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Jijjiga, amai, suma, sai rasuwa. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da maganinsu bai yi aiki ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ne suka lura cewa abin ya fi yawa a garuruwan da ake niƙa duwatsun zinare. Da aka gwada jinin yaran, sai aka ga dalma ce. Duwatsun suna ɗauke da ita, ana daka su ana niƙawa a cikin gida, wani lokaci da turmi ko injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi ƙasa, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu.

Abin lura ga mai koyon bincike shi ne yadda aka tabbatar da girman abin. Tawagar da ta haɗa da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shiga Dareta da 'Yargalma gida-gida, tana tambayar iyaye yara nawa ke gidan, nawa suka rasu cikin shekara guda, ana aikin dutse a gidan ko ba a yi. Suka samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu, wato ɗaya cikin huɗu. Takarda ce da biro da tafiyar ƙafa, sai gwajin jini da na ƙasa. Kafin nan ma mutanen gari sun ga agwagwansu na mutuwa, ba a dai haɗa wannan da wancan ba. Daga binciken ne aka san abin yi: a kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, a fitar da niƙa bayan gari, a ba yara maganin da ke janye dalma daga jini. An yi wa Bagega wannan aikin a 2013.

Mu a nan kusa akwai tambayar da ta yi kama da wannan, ita ce ta tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta shiga fatar mai wanka ko wanki ko dashen shinkafa, bayan wani lokaci a fara ganin jini a fitsari. Tana da magani, ana ma raba shi a makarantu. Amma har yau akwai masu ɗaukar jinin nan a matsayin alamar balagar yaro. To ga tambaya: a unguwa guda da ke bakin kanal, iyaye nawa ne suka san cewa daga ruwa ake ɗaukarta? Wannan ɗalibi zai iya yi da takardar tambayoyi. Ɗibar jini ko fitsari kuwa ba a yin sa sai da izinin hukumar lafiya da sa idon ma'aikacin asibiti. Kada zumuɗi ya kai ka inda ba a aike ka ba.

Adabi: waƙar da ke cikin wayarka

Akwai masu cewa adabi ba na 'yan kimiyya da fasaha ba ne. Amma wace mota ce za ta taso daga tasha ba a sa Ɗanƙwairo ba? Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura aka haife shi, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Kayan Maradun ne, yayansa kuma shi ne Kurna. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa sarakuna da dama, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru ma ɗan ƙasar Maradun ne, waƙoƙinsa na Sarkin Kudu Muhammadu Maccido kowa ya san su. Waɗannan mutane namu ne, harshen da suka yi waƙa da shi shi ne wanda kakanninmu ke yi.

Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da yawa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Duk mai son shiga wannan fage daga nan zai fara. Amma an bar mana aiki. Waƙar baka ba ta tsayawa wuri ɗaya: makaɗi zai rera ta yau a fada, gobe a gidan rediyo, ya ƙara ɗa, ya rage ɗa, ya sako sunan wanda ya yi masa kyauta a ranar. Ka samo ɗauka biyu na waƙa guda, ka zauna ka rubuta kowace kalma yadda ta fito daga bakinsa, ba yadda Hausar littafi za ta so ba, ka jera su gefe da gefe. Me ya canza, me ya zauna daram? Ko kuma ka fitar da kalmomi talatin daga waƙar, ka tambayi matasa ashirin da dattawa ashirin ma'anarsu. Abin da dattawa suka sani matasa ba su sani ba, shi ne abin da ke shirin ɓacewa.

Wani abokina ya gwada rubuta waƙa ɗaya. Ya ce minti goma na kaset sun ci masa kwana uku, sai da ya nemi wani tsohon ɗan amshi ya warware masa wurare da yawa. Wannan wahalar ita ce binciken. Wanda ya kwafo baitoci daga intanet bai san ma inda aka yi kuskure ba.

Ilimi: me rajista ke cewa?

Shekarar 2021 ba za ta fita daga ranmu ba. Ranar 26 ga Fabrairu aka ɗauke 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako su ranar 2 ga Maris. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu Kaya. Bayan haka aka rufe makarantu, aka katse layukan waya na wani lokaci.

Kowa yana da ra'ayi kan abin da ya biyo baya. Wani zai ce iyaye sun cire 'ya'yansu mata sun aurar, wani ya ce a'a, sun dai mayar da su makarantun cikin gari. Ra'ayi ba hujja ba ne. Hujja tana cikin rajistar aji. Ka zaɓi makaranta ɗaya ko biyu da za ka iya zuwa lafiya, ka kai takardar gabatarwa daga sashenku, ka nemi izinin shugaban makaranta. Ka ƙirga maza da mata a kowane aji kafin 2021 da bayanta. Ka bi aji guda shekara bayan shekara, ka ga nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe. Sannan ka zauna da malamai da wasu iyaye ka ji dalili, don lamba tana gaya maka nawa ne, ba ta gaya maka don me.

A nan sai an yi hattara ƙwarai. Ba a zuwa wurin wanda abin ya shafa a ce ya ba da labarin daji don kawai a cika shafi. Ba a rubuta sunan yaro ko na mahaifinsa. In mutum ya ce ba zai yi magana ba, ka yi masa godiya ka tashi. Makinka bai kai darajar hankalin wani ba.

Addini: zakkar shinkafar rani

Ƙasar nan tsohuwar ƙasar karatu ce. 'Yandoto ta yi suna da malamai tun kafin jihadi, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambata a Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara biyar tare da Shehu suna wa'azi a Zamfara. Har yau akwai gidajen malamai da ke da tsofaffin takardu na Larabci da ajami a cikin gafaka, gara da ɗigon ruwa suna cin su. Wanda ya iya karatun warash zai iya neman izinin gida guda, ya jera abin da ke ciki: sunan littafi, wanda ya kwafa in an rubuta, yawan warƙoƙi, halin da suke ciki. Irin aikin da ake yi ke nan a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna.

Amma tambayar da ta fi burge ni ita ce wadda ta haɗa addini da kanal ɗin kawuna. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, zakkar hatsi tana wajaba in amfanin ya kai wusuƙi biyar, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. In ruwan sama ko na gulbi ne ya shayar da gonar ba da wahala ba, ana fitar da ɗaya cikin goma. In kuwa da wahala aka jawo ruwan, kamar da jigo, ana fitar da ɗaya cikin ashirin. To manomin Bakolori fa? Wani ruwan kanal ke gangaro masa amma yana biyan kuɗin ruwa. Wani injin yake tayarwa da fetur. Wani rabin lokaci kanal, rabin lokaci inji. Da wane lissafi kowannensu ke fitarwa, kuma me malaman garinsa suka gaya masa? Sa'i 300 buhu nawa ne a wurinsa, da wane mudu ya auna?

Ka lura, aikin ɗalibi a nan ba ba da fatawa ba ne. Fatawa ta malamai ce. Naka shi ne ka rubuta abin da littafi ya ce, abin da malaman wurin suka ce, da abin da manoma ke yi a aikace, ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Irin wannan aiki zai amfani malaman kansu da masu tattara zakka.

Abubuwa biyar da suka haɗa su duka

Na farko, ka matse tambayarka. "Matsalolin noman rani a Najeriya" ba take ba ne, taken taron ƙasa ne. "Asarar ruwa a ƙaramar kanal guda a Bakolori lokacin rani" shi ne take. Gwajin da malamina ya koya mini shi ne: in ba za ka iya faɗa wa kakarka tambayar da Hausa cikin numfashi ɗaya ta gane ba, to kai ma ba ka gane ta ba tukuna.

Na biyu, ka nemi abin da aka riga aka rubuta, ka kuma faɗi mai shi. Babi na biyu ba wurin zuba duk abin da ka tsinta ba ne. Wurin da za ka ce wane ya gano kaza, wane ya gano kaza, ga gurbin da suka bari, nan zan shiga. In majiyoyi suka saɓa, ka kawo duka. Misali, kan waɗanda suka rasu a Bakolori a 1980, adadin da gwamnati ta bayar kaɗan ne, manoma da wasu masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Mai gaskiya zai kawo biyun, ya faɗi wa ya ce me. Ba zai zaɓi wanda ya yi masa daɗi ya ɓoye ɗayan ba.

Na uku, hanya ta dace da tambaya. Ruwa auna shi ake yi, ba a tambayarsa. Waƙa saurare da rubutawa take so. Rajista ƙirga ta ake yi. Mun saba duk abin da aka ce mu bincika sai mu buga takardar tambayoyi ɗari mu raba, wasu ma a ɗaki suke cike su da biro kala uku. Malamai sun san wannan dabarar tun kafin a haife mu. In kuma takardar tambayoyin ce ta dace, ka fassara ta da Hausar da mutanen wurin ke ji, ka gwada ta a kan mutum biyar kafin ka buga da yawa. Za ka sha mamakin yadda ake fahimtar tambayarka a bai-bai.

Na huɗu, ka riƙe littafin fili. Ƙaramin littafi na aljihu, duk abin da ka auna ko ka ji ka rubuta nan take, da kwanan wata da wuri da lokaci. Waya tana mutuwa, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ranar difens in aka ce ina ka samo wannan lamba, littafin nan ne zai tsaya maka. Kuma abin da ka samu shi za ka rubuta, ko da ya saɓa wa abin da ka zata. Ni na tafi da tabbacin cewa manoman sama ne ke tare wa kawuna ruwa. Da na taka kanal ɗin, sai na ga laka da ciyawa da tsagewar bango sun fi su laifi. Ban ji daɗi ba, don na riga na shirya faɗa, amma haka na rubuta.

Na biyar, ranka ya fi furojek. Duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Kada ka zaɓi wurin da sai ka yi kasada kafin ka isa. Ka gaya wa malaminka da mutanen gida inda za ka, ka fara gaida mai gari ko mai unguwa, ka tafi da ɗan gari, ka dawo da rana tsaka. In wuri bai shiguwa, ka rubuta a cikin aikinka cewa ba ka je ba, ga dalili. Wannan ba gazawa ba ce, iyakar aikinka ce ka nuna. Gazawa ita ce ka zauna a hostel ka ƙirƙiro lambobin ƙauyen da ba ka taɓa takawa ba, wata rana wani ya ɗauka ya yi aiki da su.

Kafin in ajiye biro

Na san uzurin da za a kawo, don ni ma na kawo shi: babu kuɗi, babu lokaci, laburare babu sababbin littattafai. Gaskiya ne. Amma kayan aikina duka tef ne na awo da na aro, da sandar gora da na yi wa alamar santimita, da robar ruwa, da agogon waya. Kuɗin da na kashe a mota zuwa fili bai kai wanda na zubar a shagon nan ba.

'Yan aji ɗaya, kada ku jira sai an ce ku kawo take. Hutun nan mai zuwa ku buɗe kunne a gida. Abin da mahaifiyarku ke ƙorafi a kai kullum, abin da ake gardama a kansa a majalisa bayan la'asar, abin da malamin zaure ya ce a bari sai ya duba, ku rubuta shi. Ku dawo da tambaya uku, malami zai taimaka muku ku zaɓi ɗaya.

Ni dai saura mini babi na biyar da difens. Amma akwai wani difens ɗin da ya fi tsorata ni. Ranar da na gama awo, kawuna ya raka ni bakin hanya ya ce, "In kun gama rubutun ku na Turanci, ka dawo ka gaya muna da Hausa, mu da munka ba ka ruwan." Na yi masa alkawari. Yanzu haka ina fassara babi na huɗu a shafi biyu, don a karanta wa manoman kanal ɗin ranar da za su taru yashe laka kafin a sako ruwan bana.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Wassalam.